Yadda Ake Kula da Gangaren Keken Guragu a Lokacin Hunturu a Dakoro

Gangare shi ne daɓen siminti mai karkata da ake yi a bakin likita, makaranta ko masallaci domin mai keken guragu ya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. A Dakoro da ke arewacin jihar Maraɗi a Nijar, babban abin da ke lalata amfaninsa daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne rairayi da ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga arewa maso gabas.

Mataki na farko shi ne shara kowace safiya, daga sama zuwa ƙasa, tare da kwashe rairayin da ke taruwa a gindin gangaren, domin a nan ne ƙananan tayoyin gaba suke nutsewa, keken ya tsaya cak, mai shi ya kife. Ba a wanke wurin da ruwa, saboda ƙura idan ta jiƙa takan zama taɓo mai santsi.

Mataki na biyu shi ne duba tsagewar da sanyin dare da zafin rana suke haifarwa, da kuma ramin da ruwan damina ya ƙwaƙule a gindi. Idan magini ya yi faci, wajibi ne ya ja tsintsiya a gicciye kan ɗanyen simintin domin ya yi kaushi, sannan a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, domin busasshiyar iska tana shanye ruwansa kafin ya kama.

Mataki na uku shi ne kafa zana ko darni ta gefen da iska ke bugowa, a ɗan nesa da wurin, domin rairayin ya tsaya can.

Mataki na huɗu shi ne girgiza ƙarfen riƙo a tabbatar yana da ƙwari, a shafa farin fenti a gefunan daɓen saboda hazo, a kuma hana ajiye babura a bakinsa.

Inda za a sake gini, ƙa'idar da aka fi bi ita ce tudun santimita 30 ya samu tsawon mita 3 da santimita 60. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, don haka ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya ɗora aikin kula da gangaren a wuyan mutum guda sananne kafin hunturu ya kankama.