Ranar Marubuta a Karkara: Abin Yi da Abin Bari

Ku samarin Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi da kuka ɗauko shirya ranar marubuta, ku buɗe kunne. A ƙasarmu gona tana jikin gona, gida yana jikin gida. Abin da aka faɗa a lasifika da hantsi, kafin la'asar ya zaga ƙauyukan da ke kewaye. Iyaye kuma ba su manta ba, a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Har gobe da yawa suna yi wa kowane ƙagaggen labari kallon abin ɓata tarbiyya. Kuka yi sakaci sau ɗaya, yaran garin ne za a hana littafi, ku kuna can kun koma harkokinku.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku fara gaida dagaci, mai unguwa da limamin Juma'a kafin ku buga takardar gayyata. Taron da suka ji labarinsa a bakin yara ya mutu tun ba a kafa rumfa ba.

2. Ku sa rana bayan kaka, an yanke dawa an kai rumbu. Ba uban da zai saki ɗansa daga noman firi ko roron wake don jin labari. Amma kada ku yi jinkiri har samari su watse cin rani.

3. Ku nemi baƙi ta hannun ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano. Yawan mabiya a Facebook ba shaidar iya koyarwa ba ne.

4. Ku karanta littafin baƙo daga bango zuwa bango kafin ku kira shi. Abin da ke ciki a wuyanku yake.

5. Ku ba bita kaso mafi tsoka. Jawabi awa ɗaya ya isa, sauran yinin a zauna a rubuta. Kada aji ya wuce mutum 20, kowa da bironsa da littafin rubutu. A ce kowa ya cika shafi ɗaya a kan abin da ya gani da ido, ko rigimar iyakar gona ce, ko ranar da jan-baki ya sauka a gero. Malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya nuna inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da inda aka bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Wanda ya tafi gida da tafi kawai bai ƙaru da komai ba.

6. Ku ware wa mata ajinsu, mace ta koyar, daga azahar zuwa la'asar. In kuka cakuɗa, matan aure ba za su zo ba, su ne kuwa manyan makarantan littattafan hikaya. Ku gaya musu Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Ku sanar da su gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ta mata ce zalla.

7. Ku shimfiɗa wa masu ajami tabarma a gaba. Alaramman da kuka raina ya riga ku riƙe alƙalami.

8. Ku damƙe kuɗin motar baƙi, abinci, ruwa da man janareta a hannu tun jajibiri. Marubucin da ya biya wa kansa mota ya koma Kano da yunwa, shi da abokansa sun yi muku sallama ke nan.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku sa taro ranar kasuwa. A yankin Dambatta Lahadi ba taku ba ce.

2. Kada ku naɗa ɗan takara uban taro. Zai iso bayan azahar da maroƙa da 'yan jagaliya, lasifika ta koma hannunsu, bita ta tashi. Daga ranar kuma rabin gari sun sa ku a jam'iyya.

3. Kada baƙo ya karanta a lasifika abin da ba ku gani ba. Layi ɗaya na batsa ya isa a ambace ku a huɗuba.

4. Kada ku karɓi kuɗin kowa da sunan za ku buga masa littafi. Bugu yana da tsada, akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001. Kuɗin akuyar da yarinya ta sayar ba abin gwaji ba ne.

5. Kada ku tafi da rubutun mai koyo alhali ba shi da kwafi. Gobe ya tsinci labarinsa yana yawo a WhatsApp da sunan wani, ku zai kira ɓarayi, kuma ba ku da bakin musu.

6. Kada ku ɗauki hoton mace ko bidiyonta ku ɗora a intanet ba da yardarta da ta gidansu ba. Aure na mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

7. Kada a bari mai koyo ya sa sunan mutumin gari a labari, ko ya siffanta shi yadda kowa zai gane. Abin yakan ƙare a gaban alƙali.

8. Kada ku karanta kuskuren yaro a bainar jama'a don a yi dariya. Ba zai sake ɗaukar biro ba.

9. Kada ku cika taro da Turanci. Da Hausa aka rubuta Ruwan Bagaja da Idon Matambayi a gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, ba wanda ya ce sun gaza.

10. Kada ku kai magariba. 'Yan mata masu zuwa daga ƙauyukan nesa a ƙafa ko a acaɓa za su koma, kuma duk wadda dare ya yi mata a hanya ku za a tambaya.