Darasin Lafiya: Maganin Taɓin Hankali da Lafiyar Ido

Jama'a, taɓin hankali ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma yana da magani a asibiti. A shekarar 1952 likitoci a birnin Paris na ƙasar Faransa suka fara ba masu wannan ciwo wani magani mai suna Largactil. Mutane da yawa sun sami sauƙi, har suka koma cikin iyalansu. Har gobe ana amfani da shi a ƙasarmu, tare da wasu irinsa kamar Haldol.

To, amma kowane magani yana da nasa hali. Binciken likitoci ya nuna wasu daga cikin magungunan nan suna taɓa ido. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mai jinya ya sani.

Na farko, kafewar ido. Wani majinyaci in ya fara shan magani, ko aka ƙara masa yawansa, cikin 'yan kwanaki sai idanunsa su juya sama su kafe. Wuyansa ya sandare, harshe ya yi nauyi. An fi ganin haka ga samari. Mutanen gida sukan ce iskoki ne suka tashi, sai a zubar da magani a koma turare da ɗauri. Alhali aikin maganin ne. A kai shi asibiti nan take. Akwai allurar da ke warware abin cikin ɗan lokaci, sannan likita ya gyara masa ƙa'idar shan magani.

Na biyu, ɗigo-ɗigo a cikin ido. A shekarar 1964 wasu likitoci biyu a ƙasar Kanada suka duba majinyatan da suka shekara da shekaru suna shan Largactil mai yawa. Sun ga fatar wasu ta sauya launi a wuraren da rana ke duka, kuma ƙananan ɗigo sun taru a cikin idanunsu. Galibi ɗigon ba ya hana gani, amma yana son sa ido. Manomin da ke shan wannan magani ya riƙa sa malafa in zai wuni a gona.

Na uku, hawan jinin ido. Maganin ciwon damuwa mai suna Amitriptyline yana buɗe ƙwayar ido. Ga wasu mutane, musamman dattawa, wannan kan toshe hanyar da ruwan ido ke fita. Sai ido ya yi ja, ya yi zafi ƙwarai, gani ya dushe, har da ciwon kai da amai. Wannan ba ya jiran gobe, domin jinkiri na iya jawo makanta.

Na huɗu, ciwon sukari. Wasu sababbin magunguna, irin su Olanzapine, suna sa ƙiba da hawan sukari a jini. Sukari kuwa in ya daɗe yana lalata jijiyoyin ido. Saboda haka a riƙa auna shi.

Kada majinyaci ya daina shan magani da kansa don tsoron waɗannan abubuwa. In ya daina, ciwon na iya dawowa. Kada a sayi irin wannan magani a kemis ko a hannun 'yan talla ba tare da takardar likita ba. Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye ko ruwan albasa. A kai majinyaci a duba idanunsa sau ɗaya a shekara, a tafi da kwalin maganin a nuna wa likita.

Mutanen Bomo da Samaru da Sabon Gari, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, kuma akwai likitocin ido da na ƙwaƙwalwa. A Kaduna akwai Asibitin Ido na Ƙasa, da asibitin masu taɓin hankali na Barnawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don 'yan aji:
1. Me za a yi in idon majinyaci ya kafe sama?
2. Faɗi alamu uku na hawan jinin ido.
3. Don me ba a son majinyaci ya daina shan magani da kansa?