Taskokin Karatu Kyauta a Intanet da Yadda Za a Kai Gare Su

Koken da ake yawan ji daga ɗalibai, malamai da iyaye kusan iri ɗaya ne: an sayi data da safe, kafin la'asar ta ƙare, kuma in aka tambayi mutum me ya ƙaru da shi sai ya rasa ta cewa. Ba ƙarancin abin karantawa ne ya jawo haka ba. Manhajoji irin su TikTok da Facebook an gina su ne don su riƙa zaɓo wa mutum abin kallo, suna lura da inda idonsa ya daɗe, su ƙaro masa irinsa. Ga shi kuma bidiyo ya fi komai cin data. Na 'yan mintoci kan lashe abin da zai isa a sauke littattafai da dama, domin cikakken littafi na zallar rubutu sau da yawa bai kai megabait ɗaya ba.

Maganin farko shi ne mutum ya shiga intanet da niyya, kamar mai zuwa kasuwa da jerin cefane a hannu. Ya san sunan wurin da ya nufa da abin da zai nemo.

Mai sha'awar tarihi ya fara da Internet Archive, babban ɗakin karatun da Brewster Kahle ya kafa a Amurka a 1996. A can akwai hotunan tsofaffin littattafai shafi bayan shafi, har da waɗanda suka shafi ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Magana Hausa, wanda J. F. Schön ya wallafa a 1885. A cikinsa akwai labarin Dorugu, wani yaro daga yankin Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Timbuktu, sannan ya je Ingila. Da bakinsa ya ba da labarin abin da ya gani, kuma da Hausa. Akwai kuma tatsuniyoyi da labaran da Malam Shaihu ya rubuta da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana, waɗanda R. S. Rattray ya buga a 1913, da littattafan tafiye-tafiyen Barth kansa, wanda ya shiga Kano a 1851 ya bayyana kasuwarta da marinarta. Sai dai a karanta waɗannan da lura: salon rubutun Hausarsu ya bambanta da na yau, kuma Turawan da suka tattara su suna da nasu ra'ayoyi na zamaninsu, waɗanda ba dole ne a haɗiye su ba.

Wanda ya iya ajami yana da rabo na musamman. Jami'ar Boston, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom ɗan ƙasar Senegal, ta tara hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa, Fulatanci, Wolof da wasu harsuna a taskar da ta kira African Ajami Library. Almajirin da ya sha karatun allo zai iya karanta abin da mai digiri da yawa ba zai iya ba. Ɗaliban ilimi masu Larabci kuwa suna da Maktaba Shamila, wadda ta ƙunshi dubban littattafan tafsiri, hadisi, fiƙihu da lugga, tare da damar binciko kalma ɗaya a cikinsu gaba ɗaya. Wannan ba ya maye gurbin zama gaban malami, amma yana sauƙaƙa bita da duba nassi.

Mai son gyara Turancinsa ya leƙa Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yanzu kuma yana da littattafai sama da 70,000 waɗanda wa'adin haƙƙin mallakar mafi yawansu ya ƙare a Amurka. Yara ma ba a bar su a baya ba. African Storybook, wanda wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta samar, yana da gajerun labarai masu hotuna a harsunan Afirka da yawa, Hausa na ciki, an kasa su gwargwadon matakin karatun yaro.

Ina batun wanda data ke masa wuya, ko yake zaune inda sabis ba ya da ƙarfi? Dabarar ita ce a raba lokacin saukewa da lokacin karatu. A sauke littattafai sa'ad da aka samu Wi-Fi ko garaɓasar dare, a kashe data, sannan a zauna a karanta ba tare da saƙonni suna katse hankali ba. Manhajar Kiwix tana ba da damar ajiye Wikipedia a cikin waya ko kwamfuta, a yi bincike a cikinta ko babu intanet. Makaranta guda za ta iya sauke ta sau ɗaya, ɗalibai su kwafa.

Wikipedia tana da sashen Hausa, kuma wuri ne mai kyau na fara bincike, ba na ƙare shi ba. 'Yan sa-kai ne ke rubuta ta, don haka a riƙa gangarawa ƙasan maƙala a duba madogararta, a kuma gwada abin da aka karanta da wata majiya kafin a yaɗa.

Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, duk waɗannan taskoki ba sa neman lambar katin banki ko BVN kafin a karanta littafi, saboda haka shafin da ya nemi su da sunan kyauta a rufe shi nan take. Na biyu, littattafan marubutan Hausa na yanzu da ake yawo da su a WhatsApp ba da izininsu ba, gumin wasu ne. Wanda ke son su ci gaba da rubutu ya biya kuɗin littafin.

Mai farawa ya zaɓi taska ɗaya a mako, ya ware minti 20 bayan sallar isha'i ko da hantsi, ya ajiye ƙaramin littafi yana rubuta sunan abin da ya karanta da tambayar da ta taso masa. Iyaye kuma su sauke labari biyu ko uku na yara tun kafin su miƙa wayar, su kashe data, su sa yaron ya karanta musu da ƙarfi.