Darasi: Buɗe Makaranta a Kwanakin Annoba

'Yan'uwa, darasin wannan wata na dattawan ekklesiya ne, da malamai, da iyayen yara. Da yawa cikin ekklesiyoyinmu suna riƙe da makaranta, idan kuwa annoba ta zo, mu ne za a tambaya ko yara su koma aji ko kada su koma.

Ku tuna da cutar korona. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na fari mai cutar a Nijeriya, can Ikko. Cikin watan Maris aka rufe makarantu. Sai ran 4 ga Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe su koma domin jarrabawar WAEC, makarantun gwamnatin tarayya kuwa sai 12 ga Oktoba. An yi ta koyarwa ta rediyo, amma yaron da ke gona tun safe, yaushe zai ji? Da aka buɗe, a wurare da dama an iske benci ba mai shi: wata an yi mata aure, wani ya tafi neman kuɗi birni. Ashe rufewa ma tana da tata ɓarna. Domin wannan lallai ne a buɗe, amma da hankali.

Sai mu fara sanin yadda cutar ta ke tafiya. Sa'ad da mai ita ya ke numfashi, ko magana, ko waƙa, ƙwayoyin cuta suna fita daga bakinsa da hancinsa, su yi ta yawo cikin ɗaki. Ku dubi mace mai hura wuta a ɗakin girki. In ƙofa da taga suna buɗe, hayaƙi ya kan fice. In an rufe, kowa sai ya shaƙa, har wanda ke can lungu. Da fari mutane sun fi jin tsoron hannu da benci. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi a fili cewa cutar tana bin iska a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsa shi.

Ni kaina na yi kuskure a nan. A wata makaranta inda ni ke cikin masu shawara, mun kashe kuɗi mai yawa wajen fesa magani a bango da sayen abin gwada zafin jiki. Da na shiga aji, sai ga yara cike maƙil, tagogi kuwa an buga musu ƙusa tun bara saboda ɓarayi. Kafinta ya cire ƙusoshin cikin sa'a guda. Abin gwada zafi ba laifi ba ne, amma yaro ya kan ɗauki korona jikinsa ba zafi ko kaɗan.

Saboda haka a buɗe tagogi gefe biyu domin iska ta ratsa. Aji in ya yi yawa a raba shi, waɗansu da safe, waɗansu da yamma, a bar tazarar mita ɗaya ko fi tsakanin yaro da yaro. Inda akwai inuwar mangwaro ko darbejiya, a fitar da allo waje. Haka kakanninmu suka yi karatu. Wahalar tana ga hunturu. Ran 18 ga Janairu, 2021, da makarantu suka sake buɗewa, sanyi da ƙura suna sa a ja taga. Gara yaro ya zo da rigar sanyi da a toshe ɗaki. Ɗakin kwanan 'yan makaranta ya fi aji haɗari, gama dare duka su ke shaƙar numfashin juna. Wanda ya ga sanƙarau na 1996 a Arewa ya san abin da cunkoso ya ke yi.

Wanke hannu da sabulu yana nan a matsayinsa, amma kada a tara yara su tsoma hannu a kwano ɗaya. A rataye jarka a zuba daga sama. Takunkumi na manya ne da yaran da suka tasa. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara 5 ba a tilasta musu.

Saura zancen mai ciwo. A Littafin Levitikus sura 13, firist ya kan keɓe mutumin da a ke shakkar ciwonsa kwana bakwai, ya sāke dubansa, in ya sami lafiya ya koma cikin jama'a. Mu ma yaro mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida, kada a yi masa bulala ran da ya dawo. Malami kuma in za a yanke masa albashi domin ya kwanta, ai zai ɓoye ciwonsa ya shiga aji. Dattawa su yanke wannan magana tun ba a buɗe ba, su rubuta ta. Bayan mako guda kuma hedimasta ya ba su sunayen yaran da ba su dawo ba, a aiki mutum biyu gidan kowannensu.