Yadda Ake Saƙa Hular Jariri

Idan hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, aka kuma ce wata a cikin dangi ko maƙwabta ta shiga watanta, babu abin da nake fara jawowa daga ƙarƙashin gado sai tsohon kwandon da Gwaggo ta bar mini, Allah ya jiƙanta, wanda a cikinsa akwai tsinken saƙa biyu da suka yi santsi saboda yawan riƙo. A hannunta na koya tun ban isa ɗaukar tulu ba, ita kuwa a makarantar 'yan mata aka koya mata a zamanin Turawa, lokacin da ɗinki da saƙa suke cikin darasi kamar lissafi. Ba wai saƙa baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba, domin tun kaka da kakanni maza na saƙa sawaye, mata na saƙa gwado a tsaye cikin gida. Saƙar tsinke ce kaɗai ta zo daga baya, matan aure suka karɓe ta hannu bibbiyu, sabili da ba ta bukatar fita, ba ta kuma hana jiran tukunya.

Farkon aiki zaɓen ulu, kuma galibin wanda ake samu a kasuwa yanzu na roba ne, ba gashin tumaki ba, saboda haka a goga shi a kumatu kafin a biya. Wanda ya yi wa babba kaushi, to, jariri ba zai jure shi ba. Ƙulli ɗaya ya isa hula har da saura. Kewayen kan jariri sabon haihuwa bai cika wuce inci 13 zuwa 14 ba, don haka da ulu matsakaici nakan ɗora madauki 64 a kan tsinke, waɗanda mu a gidanmu muke kira ido. Sai a yi bismilla, a soma da biyu gaba biyu baya har faɗin yatsu biyu, wanda shi ne bakin hular da ke talewa ya koma. Daga nan a miƙe, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, har tsawon ya kai inci 4. Wannan duk yarinya ma ta iya, ana yi ana hira.

Inda hira take ƙarewa shi ne ragin tsakiyar kai, kuma a nan ake gane wadda ta ƙware da wadda take koyo. Hikimar adadin 64 ita ce yana rabuwa gida takwas, kowane gida ido takwas. A layin farko a saƙa shida, a haɗa biyu su zama ɗaya, haka har ƙarshe, a tashi da 56. Layin da ke biye a wuce shi ba ragi, domin saƙar ta huta. Sa'an nan a saƙa biyar a haɗa biyu, sai huɗu, sai uku, ana sauka da takwas takwas, har ido takwas kacal su rage. Wadda ta yi gaggawa ta rage a kowane layi tun daga farko, hularta za ta tattare kamar bakin jaka. Wadda kuma ta ja lokaci fiye da kima, tata za ta yi tsini kamar kan bukka. In an yi daidai, sai layuka takwas su bayyana suna karkata zuwa tsakiya, kowane yana bin ɗan'uwansa, ba wanda ya kauce.

Hulata ta farko ban manta da ita ba. Ido ɗaya ya suɓuce mini ban lura ba, na yi layi shida a kansa, alhali yana ta warwarewa ƙasa kamar tsani. Gwaggo ta karɓa, ta ɗaga ta wajen haske, ta kifa ta a kan ƙaramin ƙoƙon da take awo da shi, ba ta yi faɗa ba, sai ta zare tsinken ta miƙo mini bakin zaren. Na ce, "Gwaggo, ai ba wanda zai gani." Ta ce, "Ke kin gani, 'yar nan, kuma Allah ya gani." Na warware ina hawaye. Ita ce kuma ta nuna mini cewa hannu ba ya ɓoye abin da ke zuci: ranar da mutum ke fushi idon yakan matse har tsinke ya ƙi shiga, ranar kasala kuwa ya saki. Shi ya sa har yau, in raina a ɓace yake, nakan ajiye saƙa in yi alwala tukuna.

Idan takwas ɗin nan suka rage, a yanke zare da tsawo, a zura shi cikinsu da allura mai babban hanci, a ja su tsuke, sa'an nan a ɗinke gefe da gefe. A kula ƙwarai kada a bar ƙulli mai tauri ta ciki, domin maɗigar jariri ba ta rufe ba, kuma ɗinkin ya kwanta ta ƙeya. A wanke da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa a kwance don kada ta miƙe, a turara ta kaɗan, a naɗe.

Na sani sarai akwai huluna na kanti da araha, kuma ban raina su ba. Amma malamai sun karantar da mu cewa kyauta tana dasa ƙauna tsakanin mutane, kuma ayyuka da niyya suke. Hular da aka yini uku ana ƙirga idonta kamar mai jan carbi, ana yi wa wanda bai zo duniya ba tukuna addu'ar shiriya da albarka, ta ɗauki abin da ba a sayarwa. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, idan aka miƙo mini jaririn da sassafe ana sanyi, na ga hular ta zauna masa daidai ta rufe kunnuwa, tukwicina ke nan, sai in ce Allah ya raya, in koma gida in duba ulun da ya saura ko zai isa safa.