Yadda Ma'aikaci Zai Nemi Fanshonsa

Bisa ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, akasarin ma'aikata sukan yi ritaya idan sun cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 suna aiki, duk wanda ya riga zuwa. Tun daga dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, kuɗin fanshon ma'aikaci suna taruwa ne a asusunsa na kansa, a hannun kamfanin fansho da ya zaɓa.

Saboda haka, tun da sauran wata shida, wajibi ne ya sanar da kamfanin, ya kuma tanadi takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa. Idan ranar haihuwa ta saɓa tsakanin takardun nan, biya yakan tsaya har sai an daidaita su. Da sanyin safiya akan kama fara.