Zaɓen Masauki Ga Mai Ziyarar Gandun Daji Biyu

A cikin ajin labarin ƙasa na sha gaya muku cewa taswira ba ta ƙarya, amma takan ruɗi wanda bai iya karanta ta ba. Yau ina so in ba ku misalin wannan magana, kuma a kaina abin ya faru. Ku malaman gobe ne, wata rana ku za a ɗora wa nauyin fita da yara yawon buɗe ido. Gara ku ji kuskurena tun yanzu, don kada ku maimaita shi da 'ya'yan mutane.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Wyoming, akwai gandun daji biyu na gwamnatin ƙasa waɗanda su ke maƙwabtan juna. Na arewa shi ne Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, shi ne kuwa na fari a ƙasar. Faɗinsa wajen murabba'in mil 3,470 ne, watau kamar Yankari huɗu a haɗe, har gefensa ya ɗan shiga jihohin Montana da Idaho. Na kudu shi ne Grand Teton, wanda aka kafa a 1929, aka faɗaɗa shi a 1950. Shi ƙarami ne, bai wuce murabba'in mil 485 ba. Tsakanin iyakar wannan da ƙofar wancan bai kai mil 10 ba.

Abin da a ke zuwa gani a wuraren biyu ya bambanta. A Grand Teton duwatsu ne dogaye, a jere kamar haƙoran zarto, mafi tsawonsu ƙafa 13,775, ga tafkuna a gindinsu. A Yellowstone kuwa akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi masu feshi sama, wadda ta fi suna ita ce Old Faithful, takan yi feshi kamar ko wace awa ɗaya da rabi. Akwai wani babban kwazazzabo inda kogi ya ke faɗowa daga tsawon ƙafa 308. Sa'an nan ga namun daji: ɓaunar Amurka garke garke, da wata irin babbar barewa mai ƙaho da rassa, da dabbar nan mai gashi da a ke kira beyar, da kyarkeci, wanda aka komo da shi gandun daga Kanada a 1995 bayan an daɗe da ƙarar da shi.

Yadda na yi kuskure

Mu uku muka tafi, a cikin watan Agusta, muna da kwana biyar da motar haya. A cikinmu akwai wani dattijon malami, shi ba abin da ya kai shi sai son ganin kyarkeci da idonsa. Ni aka bar wa shirin masauki. Na buɗe taswira, na ga ganduna biyu manne da juna, na ga garin Jackson a kudu da su kaɗan, ga filin jirgin sama kusa. Sai na ce a raina, me zai sa mu yi ta ɗaure kaya muna kwancewa? Na kama mana ɗaki a Jackson na kwana biyar cur, na biya, ina ganin na yi dabara.

Kwana biyu na fari ba mu ga laifin shirin ba, gama Grand Teton a bakin garin ya ke. Mukan yi sallar asuba mu fita, kafin rana ta fito mun isa gindin duwatsun. Da ya ke ta gabas a ke kallonsu, hasken safiya shi ya fi yi musu kyau.

Ran kwana na uku muka nufi Yellowstone, nan fa ido ya raina fata. Daga Jackson zuwa ƙofar kudu kusan mil 60 ne. Daga ƙofar zuwa Old Faithful kuma mil 39. Jimla kusan mil 100 ke nan, kamar daga Kano zuwa Zariya. Ga shi kuwa a cikin gandun ba a yarda mota ta wuce mil 45 a awa ba, hanya ƙarama ce mai kwana kwana, in kuma ɓauna ta ga dama ta tsaya a tsakiyar titi, sai ku jira ta. Awa biyu da rabi muka yi kafin mu isa, muka yi wata biyu da rabi a komowa. Kashegari muka tafi kwazazzabo, mil 116, awa uku zuwa, awa uku dawowa.

Ran ƙarshe muka ce sai kwarin Lamar, can arewa maso gabas, inda aka fi ganin kyarkeci. Mun tashi da asuba, amma tafiyar ta kusa mil 150, ba mu isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muka tarad da mutane a bakin hanya suna naɗe madubin hangen nesa. Wani ya ce mana tun da jijjifi kyarketai sun fito, an daɗe ana kallonsu, yanzu sun shige kurmi. Dattijon nan ya daɗe yana duban kwarin, sa'an nan ya juyo ya ce mini, "Ba kome, Malam, Allah bai nufa ba." Na ce, "Gafarta Malam, laifina ne." Ya ce, "To, in ka koma gida ka koya wa yara." Muka zauna har la'asar ko za su sake fitowa, ba su fito ba. Da muka juyo dare ya yi mana a hanya, direbanmu ya gaji, saura kaɗan mu buge wata barewa da ta faɗo titi. Gudun gara, muka tarad da zago.

Bari mu yi lissafi

Ku ɗauki alli ku tara da ni. Old Faithful zuwa da dawowa, mil 200. Kwazazzabo, mil 232. Lamar, mil 300. Jimla mil 732 cikin kwana uku, awa goma sha tara muna zaune cikin mota, kuma rabin hanyar nan mun bi ta har sau shida.

Yanzu a ce mun bar Jackson ran kwana na uku da kayanmu, mun koma ƙauyen Canyon, wanda ya ke kusa da tsakiyar Yellowstone. Daga Jackson mu bi ta Old Faithful mu ƙarasa Canyon, mil 140. Kashegari kwazazzabo yana bakin ƙofa, kwarin Hayden mai yawan ɓauna yana kudu kaɗan, a ce mil 30. Ran ƙarshe Lamar zuwa da dawowa wajen mil 70, sa'an nan komawa Jackson mil 116. Jimla wajen mil 356, bai kai rabin na farko ba. Da kuma mun isa Lamar kafin rana ta fito. Ashe ɗaure kayan da na guda, wanda bai fi aikin rabin awa ba, shi ya ci mana kusan awa goma.

Ka'idodin zaɓen masauki

Na farko, ku auna tafiya daga masauki zuwa abin da za ku gani, kada ku tsaya a bakin ƙofa. Ganduna biyu suna iya haɗa iyaka, alhali abin kallon wannan yana nesa da na wancan. Babbar hanyar cikin Yellowstone kaɗai mil 142 ce, ta zagaya kamar lamba 8. Wanda ya isa ƙofa bai isa ko'ina ba tukuna.

Na biyu, ku ƙidaya da awa, kada ku dogara ga mil. Mil 40 a hanyar dutse ba ɗaya ba ne da mil 40 a miƙaƙƙen titi. Ku ƙara wani abu kuma don tsaye tsaye, gama ba wanda zai ga garken ɓauna ya wuce bai tsaya ba.

Na uku, ku tambayi kanku wane lokaci ne abin da kuka zo dominsa ya ke bayyana. Maɓuɓɓuga tana feshi dare da rana, ko yaushe ka je za ka same ta. Namun daji kuwa da sassafe da almuru su ke fita kiwo da farauta. Sabo da haka mai son dabbobi lalle ya kwana kusa da su. Mai nufin Lamar ya nemi Canyon, ko Mammoth, ko garin Gardiner na ƙofar arewa, ko Cooke City na arewa maso gabas. Mai nufin maɓuɓɓugai ya nemi masaukin Old Faithful, wanda aka gina da gungumen itace aka buɗe a 1904, ko garin West Yellowstone, mil 30 daga wurin.

Na huɗu, ku raba kwanaki bisa ga girman wuri. Yellowstone ya ninka Grand Teton sau bakwai, don haka mai kwana biyar ya ba ƙaramin biyu, ya ba babban uku. Kada kuma a zarce a riƙa sake masauki ko wane dare, wannan ma gajiya ce. Masauki biyu sun isa, uku in kwanakin sun kai mako.

Na biyar, ku gwada cikin gandu da cikin gari. Na ciki ya fi kusa, amma ɗakunansa kaɗan ne in an gwada da masu nema. A 2021 mutum fiye da miliyan huɗu da dubu ɗari takwas suka shiga Yellowstone, mafi yawansu cikin watannin zafi. Ko Canyon, wanda ya fi sauran yawan ɗakuna, ɗari biyar ne da 'yan kai. Shi ya sa a kan fara kama ɗaki tun saura shekara guda. A gari kuwa akwai kantuna da wurin shan mai, ana kuma samun ɗaki mai wurin girki, abin da ya ke da amfani ƙwarai ga wanda ba ko wane nama ya ke ci ba. Mai son kwana a tanti shi ya fi samun sauƙin kuɗi, amma ya tafi da bargo mai kauri, gama ƙasar tudu ce, tafkin Yellowstone kansa yana sama da teku da ƙafa fiye da 7,700, dare yakan yi sanyi ko da tsakiyar zafi. Wajibi ne kuma ya kulle abincinsa cikin mota ko akwatin ƙarfe, don ƙanshinsa yana jawo beyar.

Na shida, ku duba lokacin shekara. Daga farkon Nuwamba dusar ƙanƙara takan sa a rufe yawancin hanyoyin Yellowstone ga motoci, ba a fara buɗe su sai wajen tsakiyar Afrilu, ƙofar kudu ma sai cikin Mayu. Hanyar Gardiner zuwa Cooke City kaɗai a ke bari a buɗe duk shekara. Wanda ya sauka a Jackson a farkon Afrilu yana zaton zai miƙe arewa ya shiga, zai tarad da ƙofa a rufe. Ko a lokacin zafi ma hanya tana iya yankewa. A Yuni 2022 ambaliya ta cinye hanyar ƙofar arewa, aka fitad da baƙi daga gandun duka, ba a sake buɗe wa motoci wannan ƙofa ba sai ƙarshen Oktoba. Don haka kafin ku biya, ku tambaya ko a kan mayar da kuɗi in tafiya ta fasa.

Kada ku ce na hana masauki ɗaya sam. In kwana biyu ne kawai gare ku, ko kuna tare da tsofaffi da ƙananan yara, kuna iya zama wuri guda, amma ya zama tsakiya. Colter Bay, a bakin tafkin Jackson, bai kai mil 20 daga ƙofar kudu ba, daga nan ana iya zuwa Old Faithful a komo da rana. Sai dai mai yin haka ya haƙura da Lamar tun daga gida, kada ya sa wa kowa rai.

To, 'yan'uwa, wannan lissafi bai tsaya ga Amurka ba. Duk ran da shugaban makaranta ya ce ku shirya fita da yara wurare biyu, ku fara rubuta abin da za a gani da lokacin ganinsa, sa'an nan ku nemi wurin kwana. Ni na fara da wurin kwana, shi ya sa dattijon nan ya komo gida bai ga kyarkeci ba. Allah ya sa mu dace.

Tambayoyi

1. Zana taswirar ganduna biyun, ka nuna Jackson, da Colter Bay, da Old Faithful, da Canyon, da Lamar.
2. In mota tana cin mil 40 a awa, awa nawa za ta yi a mil 732? Nawa kuma a mil 356?
3. Don me mai son ganin namun daji ya fi mai son ganin maɓuɓɓuga bukatar kwana kusa?
4. Zaɓi wurare biyu a jiharku da za ka kai 'yan aji shida cikin kwana uku, ka faɗi inda za ku kwana da dalilinka.